Lissafin Zaure: Yadda Ake Gane Ko Dukiya Za Ta Rabu Tun Ba A Raba Ta Ba

Kwanakin baya wata lalura ta kai ni Keffi, na sauka wurin wani tsohon abokina da muka yi zaman makaranta tare, sai na tarar ana shirin raba gadon wani maƙwabcinsa da Allah Ya yi wa rasuwa. Da yake abokin nawa yana cikin waɗanda aka roƙa su zama shaidu, ya ce in raka shi. Bayan sallar La'asar muka shiga zauren gidan, muka iske an shimfiɗa tabarmi, malamin unguwa yana zaune a kan buzu, ga 'ya'yan marigayin maza a gabansa, ga kuma wakilan matan da ke cikin gida. Marigayin ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza uku, mata huɗu. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. An riga an fid da abin da aka kashe wajen jana'iza, an biya bashin da ake binsa, bai kuwa bar wasiyya ba. Abin da ya rage na tsabar kuɗi naira miliyan biyar ne cif. Gida da gona aka ce sai an yi musu kima tukuna.

Malam ya sunkuyar da kai, ya ɗan yi zane da yatsa a kan buzun, sa'an nan ya ce dukiyar za ta kasu kashi 240. Nan da nan ƙaramin ɗan, wanda aka ce ɗalibin jami'a ne, ya zaro wayarsa zai buga lissafi. Kafin ya gama danna lambobin, malam ya ce masa, "Kada ka wahal da kanka, ɗana. Kuɗin nan ba za su rabu daidai ba. Naira tamanin za ta yi saura, in kuma kun mai da ita kwabo-kwabo, kwabo tamanin ne zai sake yin saura." Yaron dai ya buga. Wayar ta nuna masa 20,833 da wata jela ta uku-uku wadda ba ta da ƙarshe. Ya ninka 20,833 sau 240, ya ɗebe abin da ya samu daga miliyan biyar, sai ga tamanin ɗin nan tsaye. Ya dubi malam, ya ce, "Allah Ya gafarta malam, yaya aka yi ka sani?"

Na lura wasu a zauren sun fara kallon juna, irin kallon nan na cewa malam yana da wani abu a ɓoye. Da ma Bahaushe in ya ji an ce hisabi, hankalinsa yakan tafi ga duba da bugun ƙasa, alhali kuwa asalin kalmar ba ta wuce lissafi ba. Abin da malamin nan ya yi babu asiri a cikinsa ko kaɗan. Ƙa'idodi ne 'yan kaɗan na gane ko wani adadi zai rabu da wani ba tare da saura ba, waɗanda ake koya wa yara a firamare, su haddace don jarrabawa, su manta kafin hutu ya ƙare. Shi malam bai manta ba, domin shi aiki yake yi da su, kuma ya san dalilin kowace ɗaya.

Daga wuri zuwa ƙwaryar doya

Keffi gari ne da ya daɗe da sanin ƙidaya. Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi wajen farkon ƙarni na 19, sunan garin kuwa daga kafi ya samo asali, watau shingen itatuwa da akan kewaye gari da shi don tsaro. Ya zauna a ƙarƙashin Zazzau yana aika gaisuwa, fatake kuma suna ratsa shi tsakanin ƙasar Hausa da bakin kogin Binuwai. Bajamushen nan matafiyi, Gerhard Rohlfs, ya yada zango a nan a 1867. A wancan zamani da wuri ake ciniki, shi ya sa har gobe muke cewa kuɗi, wanda shi ne jam'in wuri. Wani Bajamushen, Heinrich Barth, ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga wuri a Tasawa a 1851: biyar-biyar ake jan su da yatsu, a tara su tsibi-tsibi, har a cika buhu mai cin 20,000. Wanda duk ya yini yana jan wuri biyar-biyar ba ya bukatar a gaya masa cewa adadin da ya ƙare da biyar ko da sifiri shi ne ke rabuwa da biyar. Hannunsa ya sani. Haka nan yaron da ya taɓa wasan cika ko mara da ƙwallon dabino ya san abin da ke rabuwa biyu: in lambar ƙarshe cika ce, duk adadin cika ne, ko da ya kai tsawon igiya.

Sauran ƙa'idodin ma ana iya ganinsu a kasuwa. A wannan yanki doya da ƙwarya ake sayar da ita, ƙwarya ɗaya kuwa guda ɗari ce, kamar dai ta goro. To, mai karatu ya ɗauka mutum huɗu ne suka haɗa kuɗi suka sayi doya. Kowace ƙwarya za ta rabu a tsakaninsu, ashirin da biyar-biyar, babu gardama. Saboda haka ko ƙwarya nawa ce babu ruwansu da ita, abin dubawa shi ne ɗoriyar da ba ta cika ƙwarya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka ce a dubi lambobi biyu na ƙarshe in ana son a san ko adadi zai rabu huɗu. In mutanen takwas ne, ƙwarya ɗaya ba za ta rabu ba, amma ƙwarya goma, watau dubu, za ta rabu, kowa ya sami 125. Shi ya sa a wajen takwas lambobi uku na ƙarshe ake dubawa.

Ƙa'idar tara da ta uku ita ce ta fi ba mutane mamaki, ita ce kuma aka fi haddacewa ba tare da an gane ba. An ce a tara lambobin adadin wuri ɗaya, in jimlarsu ta rabu da tara, to adadin ma zai rabu. Me ya haɗa tara lambobi da rabawa? A koma ga doya. In mutum tara za su raba ƙwarya guda, kowa zai ɗauki sha ɗaya, an ci casa'in da tara ke nan, guda ɗaya ta rage a ƙasa. In goma za su raba, kowa ya ɗauki ɗaya, nan ma guda ɗaya ta rage. Dubu ma haka, 999 za su tafi, ɗaya ta rage. Ashe ke nan kowace ƙwarya tana barin ɗaya, kowane goma yana barin ɗaya. In doyar 738 ce, ƙwarya bakwai za su bar bakwai, goma uku za su bar uku, ga kuma takwas ɗin da ke warwatse. Bakwai da uku da takwas sha takwas, sha takwas kuwa ta rabu wa mutum tara bibbiyu. Doyar ta rabu ke nan, kowa 82. Da yake 9 da 99 da 999 duk suna rabuwa da uku, wannan hujja ɗaya ta wadatar wa uku. Akwai kuma wata fa'ida da littattafan makaranta ba su cika ambata ba: in jimlar ba ta rabu ba, abin da ta bari shi ne daidai abin da adadin zai bari. Ƙa'idar ba i ko a'a kaɗai take faɗa ba, har yawan saurar take nunawa.

Mai son gwaji ya ɗauki 1902, shekarar da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, al'amarin da ya shiga cikin hujjojin da Turawa suka kafa na kai wa Kano yaƙi a shekarar da ta biyo. Ɗaya da tara da biyu sha biyu ne, saboda haka ta rabu da uku, ba ta rabu da tara ba. Da yake kuma ta ƙare da cika, ta rabu da shida, 317 sau shida.

Inda 240 ta fito

Rabon da Alƙur'ani ya yanke wa magada a cikin Suratun Nisa'i kashi shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Aikin farko na mai rabon gado shi ne ya nemo adadi mafi ƙanƙanta da duk rabon da ke gabansa zai fita daga cikinsa ba tare da karyewa ba. Shi ake kira asalin mas'ala, asalan kuwa bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. A gidan da muka je, matan biyu za su haɗu a kan sumuni saboda akwai 'ya'ya, mahaifiya tana da sudusi. Takwas da shida duk suna rabuwa biyu, sai a ɗauki rabin ɗaya a ninka da ɗayan, a sami 24. Mata suka ɗauki uku, uwa ta ɗauki huɗu, sha bakwai ya rage wa 'ya'ya.

Nan ne aiki ya fara. Kashi uku ba zai rabu wa mata biyu ba. 'Ya'ya kuma, da yake namiji yana da rabon mata biyu, maza uku kai shida ne, mata huɗu kai huɗu, goma ke nan, sha bakwai kuwa ba ta rabuwa goma. Malaman fara'ili sun daɗe da tsara yadda ake fita daga wannan. Suka ce duk adadi biyu da aka jera ba sa wuce hali huɗu. Ko dai su zama iri ɗaya, kamar shida da shida, shi ne tamasuli. Ko ƙaramin ya shige cikin babban ya cinye shi daidai, kamar biyu da goma, shi ne tadahuli. Ko ya zama akwai wani adadi na uku da ke raba su duka, kamar shida da takwas, shi ne tawafuƙi. Ko kuwa su zama bare da juna, babu abin da ya haɗa su in ba ɗaya ba, kamar uku da takwas, shi ne tabayuni. Kawunan da rabo ya karye a kansu a nan biyu ne da goma, biyu kuwa ta shige cikin goma, sai malam ya wadatu da goma, ya ninka 24 da ita. Ga 240. Kowace mata kashi 15, uwa 40, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. Mai karatu ya tara da kansa ya gani, babu ƙari babu ragi.

Wannan bambanci na tawafuƙi da tabayuni shi ne ainihin abin da yaran makaranta ke tuntuɓe a kansa. An koya musu cewa abin da ya rabu da biyu ya kuma rabu da uku, zai rabu da shida, gaskiya ne kuwa. Sai yaro ya yi ƙiyasi, ya ce tunda huɗu sau shida 24 ne, duk abin da ya rabu da huɗu da shida zai rabu da 24. Ƙaramin sani ƙunƙumi. Ga 36 nan, ga 60, duk sun rabu da huɗu, sun rabu da shida, amma babu wanda ya rabu da 24. Dalili shi ne huɗu da shida ba bare ba ne, biyu ta haɗa su, an ƙirga ta sau biyu. Mai son ya gwada 24 sai ya gwada uku da takwas. Mai son 12 ya gwada uku da huɗu, kada ya gwada biyu da shida, don 18 za ta yaudare shi. Almajirin da ya karanta babin gado ba zai faɗa wannan rami ba, domin kalmar da ke tsare shi tana bakinsa.

Yanzu sai mu ga yadda malam ya hango tamanin. Ita 240 tamanin ce sau uku. Miliyan biyar ta ƙare da sifiri, an raba ta goma, saura 500,000. Lambobi uku na ƙarshe sifiri ne, saboda haka ta rabu takwas, aka sami 62,500. Watau kuɗin sun zama tsibi 62,500, kowane tsibi naira tamanin. Abin da ya rage shi ne a haɗa tsibin uku-uku. Shida da biyu da biyar sha uku ne, in an fid da uku-uku daga sha uku ɗaya ya rage. Tsibi ɗaya ke nan ya rasa abokan tafiya, shi ne naira tamanin. In an mai da shi kwabo ya zama 8,000, watau tsibi ɗari na kwabo tamanin-tamanin, ɗari kuwa mun riga mun ga ɗaya take bari. Haka za a yi ta yi har a gaji. Duk yawan sifirin da aka jera a bayan adadi, biyu da biyar kawai yake ƙara masa, ba ya kawo uku.

Abin da ya tafi da fam da sule

Da malam ya ambaci 240, wani dattijo da ke gefena ya yi murmushi, ya ce, "Kwabon fam guda ke nan." Matasan ba su gane ba. Kafin ran 1 ga Janairu, 1973, lokacin da Nijeriya ta koma naira da kwabo, fam guda sule ashirin ne, sule kuma kwabo sha biyu, watau kwabo 240 a cikin fam. Da a ce a wancan zamani aka raba gadon nan, da kowane fam ya rabu tas: kowace mata sule da taro, uwa sule uku da kwabo huɗu, kowane ɗa sule biyu da kwabo goma, kowace 'ya sule da kwabo biyar. Dacewar da adadin gidan nan ya yi da 240 sa'a ce kawai, amma abin da ba sa'a ba ne shi ne cewa duk asalan nan bakwai, daga 2 har 24, suna raba fam daidai. Sulusin fam sule shida ne da kwabo takwas, sumuninsa sule biyu da sisi. Adadi ashirin ne ke raba 240 ba saura, ita kuwa ɗari tara kacal ke raba ta, babu uku a cikinsu, babu shida, babu takwas.

Ba ina kukan a koma fam da sule ba ne. Duk wanda ya sha bulala a kan tara fam da sule da kwabo a allo ya san sauƙin da naira ta kawo, kuma kwabon kansa yau an daina ganinsa a kasuwa. Abin da nake nufi shi ne tsohon kuɗin yana yi wa alƙali da muhutinsa rabin aiki, sabon kuwa ya bar wa mai rabo aikinsa gaba ɗaya. Bukatar sanin abin da ke rabuwa da abin da ba ya rabuwa ƙaruwa ta yi.

Bakwai mai taurin kai

Akwai lokacin da rabon magada yakan fi dukiyar yawa. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. Daga shida, uku ne da huɗu, bakwai ke nan. Tun zamanin Sayyidina Umar aka tsaya a kan cewa sai a raba dukiyar bakwai maimakon shida, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Wannan shi ne auli. Ta wannan hanya shida takan hau zuwa 7, 8, 9 ko 10, sha biyu ta hau zuwa 13, 15 ko 17, ashirin da huɗu kuma ta hau zuwa 27. Su bakwai da sha ukun nan da malamin makaranta kan tsallake, ya ce ba su da ƙa'ida mai sauƙi, ga su sun shigo zaure da ƙafarsu.

Suna da ƙa'ida kuwa, kuma mabuɗinta adadi ɗaya ne, 1,001, wanda yake bakwai ne sau sha ɗaya sau sha uku. Kowace dubu ɗaya ta rage mata ta cika 1,001. Saboda haka sai a ɗauki yawan dubban da ke cikin adadi a ɗebe daga lambobi uku na ƙarshe, ko a ɗebe su daga gare shi, wanda dai ya fi yawa. A ce matar nan ta bar naira 3,458,000. Sifirin ƙarshe ba sa ƙara wa bakwai komai, a ajiye su. Saura 3,458: a ɗebe uku daga 458, a sami 455, wanda yake bakwai ne sau 65. Kuɗin za su rabu, kowane kashi 494,000, miji ya ɗauki uku, kowace 'yar'uwa biyu. Da yake 455 sha uku ce sau 35, gwaji ɗayan nan ya nuna kuɗin za su rabu sha uku ma.

A wajen 27 akwai tarko. Ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, domin ana ba da labarin cewa an tambayi Sayyidina Ali ita yana kan mumbari ya amsa nan take: mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba, inda sumunin matar ya koma tusu'i, uku cikin 27. Wanda ya haddace ƙa'idar tara bai san dalilinta ba zai ce a tara lambobi a ga ko sun kai 27. Ba haka ba ne. Lambobin 1,899 sun tara 27 cif, amma ba ta rabu da 27 ba. 81 kuwa ta rabu, alhali lambobinta tara kawai suka tara. Wanda ya san dalili zai tambayi kansa, wane ne cikin 9 da 99 da 999 ke rabuwa da 27? Sai 999, wadda take 27 sau 37. Ashe dubu-dubu za a yanka adadin a tara. Naira 2,376,000 ta zama biyu da 376, watau 378, wadda take 27 sau 14. Ta rabu, kowane kashi 88,000.

Ilmi ɗaya, gida biyu

Wannan zumunci tsakanin lissafi da gado tsoho ne. Littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, babban yanki na ƙarshensa a kan wasiyya da rabon gado yake. Ibnul Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya yi bayanin fid da tara-tara da takwas-takwas da bakwai-bakwai a cikin taƙaitaccen littafinsa na hisabi, Alƙalasadi na Andalus kuma, wanda ya rasu a 1486, ya yi rubutu a kan hisabi da fara'ili duka biyu. Leonardo na Pisa, wanda ya koyi lissafi a garin Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sa irin wannan gwaji a littafinsa na 1202. Sai a ƙarni na 17 Bafaranshe Blaise Pascal ya nuna cewa duk ƙa'idodin nan uwarsu ɗaya: a dubi abin da goma da ɗari da dubu ke bari in an raba su da adadin da ake so, shi ke nan. Abin da muka yi da doya ke nan. Mu ma a ƙasar Hausa ba a bar mu a baya ba. Muhammadu Alkashnawi, Bafillacen Katsina, ya wallafa littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Abin takaici shi ne a wurinmu yau ilmin ya rabu gida biyu, kowane gida yana riƙe da rabi. A makarantar zaure, babin gado yana can wajen ƙarshen Risala, shi ne kuma ya rufe Muhtasar, almajirai da yawa hidimar duniya takan ɗauke su kafin su kai wurin. A makarantar boko kuwa ana rubuta ƙa'idodin a allo kamar jerin sunayen koguna, babu dalili, babu kuma inda aka ce za su yi amfani. Keffi ba garin da za a ce ya rasa malamai ba ne. Kwalejin Gwamnati da ke nan, wadda tarihinta ya faro daga 1949, ta yaye manyan mutane, har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma bayan an fid da Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, a garin nan aka kafa jami'ar jihar. Ban ga abin da zai hana malamin lissafi ya ɗauko mas'alar gado ɗaya ya buɗe darasinsa da ita ba, ko kuwa malamin fiƙihu ya aro misalin doya. Ga shi kuwa tun da Abuja ta zama babban birni, filaye da gonakin da ke kan hanyar Keffi sun yi daraja, abin da a da 'yan'uwa kan yafe wa juna yau yana kai su gaban alƙali. Waya tana buga duk abin da aka ba ta, amma ba ta gaya wa mutum cewa 240 ya kamata ya ba ta.

A zauren, wani daga cikin shaidu ya ce naira tamanin ai ko ruwan leda biyu da ƙyar, a ba almajiri sadaka a huta. Malam ya girgiza kai. Ya ce biyu daga cikin 'yan matan ba su balaga ba, marayu ne, babu mai ikon yafe haƙƙinsu ko da na ƙwayar gero ne, shi kuma ba zai ɗauki wannan a wuyansa ba. Aka yi shiru. Can sai babban ɗan ya sa hannu a aljihu, ya ce, "Allah Ya gafarta malam, in na ƙara daga nawa fa, nawa zai cika?" Malam ya ce ɗari da sittin. Ya fid da takardar ɗari, da ta hamsin, da ta goma, ya ajiye a kan tabarma, ya ce kyauta ce ga magada duka. Tamanin da ɗari da sittin suka zama 240, kowane kashi ya ƙaru da naira guda, ya zama 20,834. Kowace mata ta tashi da 312,510, tsohuwa 833,360, kowane ɗa 708,356, kowace 'ya 354,178.

Aka sa ɗalibin nan ya rubuta rabon kowa a takarda don shaidu su sa hannu. Da aka tara jimla sai aka ga ta haura da naira 72,000. Fuskoki suka fara canzawa, wakilin amarya har ya gyara zama. Malam ko takardar bai karɓa ba. Ya ce bakwai da biyu tara ne, duk kuwa lokacin da kuskure ya rabu da tara, abu na farko da za a nema shi ne ko an juya lambobi biyu, domin juya su ba ya canza jimlarsu, saboda haka bambancin dole ya rabu da tara. Akawun banki da na kanti sun san wannan dabara. Aka bi layi-layi, sai ga shi a rabon ɗa na tsakiya an rubuta 780,356 maimakon 708,356. Yaron ya soke, ya gyara, kunya ta rufe shi, yayyensa suna yi masa dariya.

Batun gida da gona, malam ya ce ba zai taɓa alƙalami a kansu ba sai an kawo masa kimarsu a rubuce, da sa hannun mutum biyu da suka san farashin ƙasa a unguwar. Aka sa rana bayan girbi. Aka yi wa marigayi addu'a, aka shafa, muka fito ana kiran sallar Magariba.